Jakar da Ba Tata Ba: Lamarin Zainab Aliyu da Abin da Ya Jawo wa Hausawan Hijaz

Ranar 24 ga Disamba, 2018, Zainab Aliyu, ɗaliba a Jami'ar Maitama Sule da ke Kano, ta tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano tare da mahaifiyarta da 'yar uwarta, za su yi Umara. Sun sauka Jidda lafiya, suka kwashi kayansu, suka wuce Madina. Ranar 26 ga wata jami'an tsaron Saudiyya suka iske su a masaukinsu, suka tafi da Zainab. Abin da aka gaya mata shi ne an samu wata jaka ɗauke da ƙwayar tramadol, kuma sunanta ne a jikin takardar da aka liƙa wa jakar. Ita kuwa ko a mafarki ba ta taɓa ganin jakar ba. Shekarunta 22 a lokacin.

Ta yi fiye da wata huɗu a tsare kafin a sake ta ranar 30 ga Afrilu, 2019. Mutane da yawa suna tuna labarin a matsayin labarin yarinyar da Allah ya kuɓutar, kuma haka ne, Allah ne ya kuɓutar da ita. Amma mu da muke zaune a Makka da Madina da Jidda, muke tarbar baƙi daga gida muna raka su filin jirgi, ba mu da damar tsayawa a nan. Hanyar da aka bi aka ɗora mata wannan jaka tana nan, an sake bin ta bayan shekara shida, kuma ta riga ta canza yadda muke mu'amala da junanmu.

Abin da suna a jikin jaka yake nufi a nan

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba zai iya ɗauka cewa magana ce ta a zo a yi bayani a watse. Ba haka abin yake ba. Tun 1987 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta fitar da matsaya mai lamba 138, wadda ta ce wanda ya shigo da miyagun ƙwayoyi cikin ƙasa hukuncinsa kisa, saboda ɓarnar aikinsa ba ta tsaya a kansa shi kaɗai ba, ta shafi al'umma baki ɗaya. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 2005 ta bi wannan sawu. Tsofaffin alhazai za su tuna katin shiga ƙasa da ake rabawa a cikin jirgi, wanda aka rubuta gargaɗi da jan tawada a jikinsa cewa kisa ne hukuncin mai safarar ƙwaya.

Akwai wani bambanci da mutanenmu ba su cika lura da shi ba. Idan laifin kisan kai ne, akwai iyalan mamaci, ana iya zuwa a durƙusa a roƙe su, ana iya haɗa kuɗin diyya, kuma an sha ganin wanda ya tsira ta wannan hanya. Laifin ƙwaya yana ƙarƙashin ta'aziri ne, wato hukuncin da aka bar wa hukuma ta yanke. Babu waliyyin jini da za a roƙa, babu diyyar da za a tara. Tsakanin mutum ne da hukuma, kuma abin da zai fitar da shi hujja ce kawai. To wace hujja ke hannun matafiyi? Na'urar kamfanin jirgi ta ce jakarsa ce, takardar jikin jaka ta ce jakarsa ce, shi kuma bakinsa kaɗai ke cewa ba tasa ba ce, kalmar da kowane mai safara na gaskiya ma ita yake faɗa idan an kama shi. Ga shi tambayoyin da Larabci ake yin su, takardun da Larabci ake rubuta su. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha kokawa kan baƙin da ake yi wa shari'a ba tare da tafinta na kirki ko lauya tun daga farko ba.

Zainab tana tsare, ranar 1 ga Afrilu, 2019, aka zartar da hukuncin kisa a kan wata 'yar Najeriya, Kudirat Afolabi, bisa laifin safarar ƙwaya. A cikin watan ne kuma aka bayyana cewa akwai 'yan Najeriya sama da 20 da ke jiran irin wannan hukunci a gidajen yarin Saudiyya. Wannan ne ya sa hankalin mutane ya tashi a Kano. Kowa ya gane inda maganar ta dosa.

Yadda ake sayar da sunan mutum

Mahaifin Zainab bai zauna ba. Ya kai ƙorafi hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, hukumar ta shiga bincike a filin jirgin Kano, kuma abin da ta gano ya fi ƙarfin ɓarawo guda. Wasu gungun ma'aikata ne a cikin filin jirgin ke karɓar jaka daga hannun masu ƙwaya, su liƙa mata sunan fasinjan da bai san hawa ba bai san sauka ba, su tura ta cikin jirgi. An kama su, an gurfanar da su a Babbar Kotun Tarayya da ke Kano.

Yana da kyau a tsaya a dubi dalilin da ya sa hanyar Kano zuwa Jidda ta yi wa irin wannan aiki daɗi. Yawancin kamfanonin jirgi suna ba fasinja damar jaka biyu. Mai zuwa Umara kuwa da kaya kaɗan yake tafiya, don ya san a dawowa ne nauyi yake: dabino, zamzam, jallabiyoyi, abaya, darduma, tsarabar dangi da maƙwabta. Saboda haka a tafiya kusan kowa yana da gurbin jaka guda da bai yi amfani da shi ba. Wannan gurbin shi ne hajar da ake sayarwa. Ƙari a kan haka, da yawa a ayari ake tafiya, ejan ya tattara fasfo goma ko ashirin ya kai wurin awo, alhazai suna gefe a zaune. Ɗan guntun takardar da ake manna wa fasinja a bayan tikiti, mai nuna yawan jakunkunan da aka shigar da sunansa, mutum nawa ne suke dubawa? Hajiyar da ta fito daga ƙauye, tafiyarta ta farko, zuciyarta na wurin Ka'aba, ba ta ma san takardar tana da amfani ba.

Aikin kuma ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Akwai mai kaya, wanda kuɗinsa ne. Akwai wanda ke zaune gaban kwamfuta a wurin awo, shi ke fitar da takardar. Akwai wanda zai kau da kai a wurin na'urar haska kaya. Akwai mai ɗora kaya. Sannan akwai mai karɓa a wannan ɓangaren, wanda zai ɗauke jakar idan ta iso, tunda a inda kaya ke fitowa ba kasafai ake gwada suna da fuska ba. Idan ta wuce, an ci riba. Idan aka tare ta, mai karɓa ya sulale, jami'ai su bi sunan da ke jiki har otal. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Waɗannan mutane sun zauna ne sun tsara yadda ruwan zai doki wani. Wannan ne ya sa nake ganin laifinsu ya zarce na mai haɗiye ƙwaya ya hau jirgi. Shi wancan da ransa ya yi caca. Su kuwa sun san hukuncin ƙasar da jirgin zai sauka, sun ga fuskar yarinyar a gabansu, suka buga sunanta.

Ita kanta tramadol maganin ciwo ce, likita na rubuta ta. Wadda doka ta yarda da ita a Najeriya mai ƙarfin miligiram 50 ce ko 100. Wadda ta cika kasuwa kuwa mai 200 ce, da 225, har da 250, galibi daga Indiya ake ƙero ta, ta shigo Afirka ta Yamma ta tashoshin jiragen ruwa irin su Legas da Kwatano da Lome, sannan ta hau mota zuwa Arewa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a ƙasar, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tramadol da kodin suke sha. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Wato lokacin da aka kama Zainab, ƙwayar a yalwace take a Kano kuma da araha, a Saudiyya kuwa a kulle take sai da takardar likita. Tazarar da ke tsakanin farashin can da na nan ita ce ke biyan kowa da ke cikin layin.

Kasuwar da jakar ta nufa

Kada wani ya ɗauka daga Najeriya matsalar ƙwaya ta zo wa Saudiyya. Babbar ƙwayar ƙasar nan ita ce kaftagon, wadda samari ke kira Abu Hilalaini saboda tambarin jinjirin wata biyu da ke jikinta. Shekaru da dama Siriya ce cibiyar ƙera ta, kuma Saudiyya ce babbar kasuwarta. A watan Afrilun 2021 an kama sama da ƙwaya miliyan 5 a tashar jiragen ruwa ta Jidda, an cusa su cikin 'ya'yan rumman da aka ɗauko daga Lebanon, abin da ya sa aka hana shigo da kayan lambun ƙasar. A watan Agustan 2022 an kama kusan miliyan 47 a Riyad, a ɓoye cikin garin fulawa. Bayan ita ga shabu, wadda ke haukata yaro cikin ɗan lokaci, ga wiwi da ganyen ƙat da ake tsallakowa da su ta iyakar Yaman.

Idan aka ɗora jakar Kano kusa da waɗannan, ba ta kai ko'ina ba. Sai dai kwantena ba ta da fuska, mai ita yana wata ƙasa. Jakar filin jirgi kuwa tana da suna, tana da lambar fasfo, tana da adireshin otal. Shi ya sa waɗanda suka fi cika gidajen yari ƙananan 'yan dako ne: direba, masunci, lebura, mai aikatau. Alƙaluman ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty sun nuna daga Janairun 2014 zuwa Yunin 2025 an zartar da hukuncin kisa kan mutum 597 saboda laifukan ƙwaya, kuma kusan kashi uku cikin huɗu baƙi ne. Ba na jayayya da haƙƙin kowace ƙasa na kare 'ya'yanta daga wannan guba. Duk wanda ya ga abin da shabu ke yi wa gida ba zai yi jayayya ba. Abin da nake cewa shi ne, inda hukunci ya kai ga rai, takardar da ma'aikaci ɗaya zai iya bugawa cikin daƙiƙa kaɗan ba ta isa ta zama shaida ba.

Abin da ya fitar da ita

Wani abu da ya kamata a riƙe shi ne, binciken NDLEA ya riga hayaniya. An kama mutanen filin jirgi tun kafin duniya ta san sunan Zainab. Duk da haka tana nan a tsare, wata na bin wata. Sai a ƙarshen Afrilu, bayan kisan Kudirat ya girgiza mutane, maganar ta mamaye Twitter da Facebook, ɗalibai 'yan uwanta suka fito kan titi a Kano, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya umarci Antoni Janar Abubakar Malami ya shiga maganar. Abike Dabiri-Erewa, wadda ke ba shugaban shawara kan 'yan ƙasa mazauna waje a lokacin, ita ma ta yi ta bibiya. Cikin 'yan kwanaki aka miƙa Zainab ga ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda. Aka kuma saki wani bawan Allah da gungun suka yi wa irin wannan aika-aika. Ranar 13 ga Mayu suka sauka Kano. Daga baya Zainab ta kammala karatu, ta shiga aikin NDLEA ɗin kanta a 2021.

Abin lura a nan shi ne hukumomin Saudiyya da aka kai musu hujja sun karɓa. Ƙofar ba a rufe take ba. Jinkirin yana wajen kai hujjar daga Kano zuwa teburin mai bincike a Jidda, kuma abin da ya gaggauta ta shi ne uba mai ilimi da ya san ofishin da zai je, da ɗalibai masu wayoyi a hannu. Ina taya iyalinta murna har zuciya. Amma na san irin mutanen da ke sauka a wannan filin jirgi. Akwai tsohuwar da 'ya'yanta suka sayar da gona suka biya mata. Akwai bazawarar da ta zo neman aikatau. Idan aka tafi da ɗayarsu daga masauki, wa zai rubuta wa NDLEA takarda? Danginta a ƙauye abin da za su fara yi shi ne ɓoye maganar, don kunya, kada a ce 'yarsu ta je ƙasa mai tsarki da ƙwaya.

Saƙo

Hausawa ba jiya suka zo Hijaz ba. Kakanninmu da ƙafa suka taho, ta Chadi da Sudan, suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, wasu sai sun yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 ayari ya ƙaru. Jikokinsu ne ake kira Hausawi a yau, cikinsu akwai malamai da likitoci da jami'an tsaro, har kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a gasar cin kofin duniya ta 2018, Usama Hausawi. Bayansu akwai waɗanda suka zo daga baya, masu igama (takardar izinin zama) da marasa ita, waɗanda ake haɗawa a kira Takari, a Misfala da Shara Mansur da Jarwal a Makka, da tsofaffin unguwannin kudancin Jidda.

Abin da ya riƙe wannan al'umma da gida tsawon zamani shi ne saƙo. Kafin waya, kafin tura kuɗi ta banki, alhaji ne gidan waya. Uwa a Kano za ta ƙulla kuka da daddawa da yaji da kilishi da man shanu ta ba maƙwabciya ta kai wa 'yarta da ke aure a Makka. Ita kuma 'yar ta aiko da turare da atamfa da 'yan riyaloli a ɗinke cikin ƙyalle. Ba a buɗe saƙo, buɗe shi cin fuska ne. Ba a ƙin karɓa, ƙin karɓa rashin zumunci ne. 'Yan kasuwar Kano-Jidda ma da wannan amana suka gina sana'arsu, wannan ya ɗaukar wa wancan kaya, gobe a rama.

Masu ƙwaya sun shiga ta nan tun kafin su koyi sayen ma'aikatan filin jirgi. A tsakiyar garin kuka, a cikin gwangwanin man shanu, a ƙasan takalmi. Yanzu idan ka tsaya a layin awo za ka ji dattijuwa na cewa, "'Yata, kilonki bai cika ba, taimaka ki shigar min da wannan, jikata ce ta haihu a Misfala." Ita kuma yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna ki yi haƙuri, wallahi an hana mu." Mai yiwuwa dattijuwar gaskiya take faɗa, kayan jego ne tsaf. Ita ma yarinyar tana da gaskiya, kuma da 'yata ce haka zan ce ta yi. Su biyun sun rabu kowa da ɗaci a rai, alhali ba wanda ya yi wa wani laifi. Har tsakanin ya da ƙanwa yanzu sai an zazzage saƙo a gaban mai shi, ana yi ana ba da haƙuri. Wannan asara ba ta shiga lissafin kowace hukuma, amma duk gidan Bahaushe a Hijaz ya san ta.

Lamarin Zainab ya ƙara wani tsoro a kan wannan. A da ana cewa kada ka karɓi kayan kowa, ka tsira. Ita ba ta karɓi kayan kowa ba.

Maganar da ba mu son yi

Jaka ba ta ɗaukar kanta daga filin jirgi. Duk lokacin da aka shigar da ita a Kano, akwai wanda ke jiranta a nan, wanda ya san gari, ya san inda zai ajiye, ya san wanda zai saya, kuma yana jin yaren wanda ya aiko. Mun fi son mu yi ta zagin ma'aikatan filin jirgin Kano, don suna nesa. Amma rabin sana'ar a tsakaninmu yake. A zaman majalisa ana sanin wanda ba a ga sana'arsa ba amma ana ganin kuɗinsa, ana kuma yin shiru. Dalilin shirun ba ɓoyayye ba ne: wanda ba shi da igama ba ya kusantar askar, wato jami'an tsaro, ko da shi aka zalunta, don yana tsoron daga kai ƙara ya tsinci kansa a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasa. Masu ƙwaya sun san haka sarai. Unguwar da mutanenta ba sa iya kiran hukuma ita ce mafakarsu.

A cikin irin waɗannan gidaje ne kuma ake da yaran da aka haifa a nan, suka tashi ba takarda. Makarantar gwamnati ba ta ɗauke su ba, aiki na ƙa'ida ba ya samuwa, Najeriya ko Nijar kuma ba su taɓa gani ba. Saurayi mai shekara 18 da ke wankin mota ko tura keken guragu a kusa da Harami, idan aka ce ya kai ƙulli wani wuri a ba shi abin da ba ya samu a mako, sai wanda Allah ya tsare. Da yawa daga kai saƙo suke fara taɓawa. Uwa tana gani ɗanta na lalacewa, ba ta iya kai shi asibitin masu shaye-shaye, don a ƙofa za a tambayi katin shaida.

Sunan da wannan ya jawo mana ya yi tsada. Daga ƙarshen 2021 aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda, sama da 60, cikinsu har da Sabil da Karantina da Gulail inda mutanenmu suka yi shekaru. Cikin dalilan da aka bayar har da cewa sun zama maɓoyar masu laifi da dillalan ƙwaya. Diyyar gini ta 'yan ƙasa ce masu mallaka. Baƙo ɗan haya sai dai ya kwashe kayansa ya nemi wani wuri a kuɗin da ya ninka. Mai sayar da abinci, mai ɗinki, malamin allo, duk sun watse, kuma mafi yawansu ko ƙwayar ba su taɓa riƙewa ba.

Agustan 2025

Ranar 6 ga Agusta, 2025, wasu masu Umara suka tashi daga Kano zuwa Jidda ta Adis Ababa. Bayan sun gama ibada aka tsare uku daga cikinsu, mata biyu da namiji ɗaya. NDLEA, ƙarƙashin Buba Marwa, ta bincika, ta fito ta ce an shigar da ƙarin jakunkuna shida da sunayen fasinjoji ba da saninsu ba, uku daga ciki ɗauke da ƙwaya. Ta kama wanda ta ce shi ne mai kayan tare da wasu ma'aikatan kamfanin da ke kula da kaya a filin jirgin. A cewar hukumar, shi mai kayan a ranar ya tafi Jidda, amma a jirgin wani kamfani daban. Ta kuma ce akwai ma'aikacin da ya amsa cewa naira 100,000 aka ba shi ya shigar da jaka biyu. Filin jirgi ɗaya, dabara ɗaya, shekara shida da 'yan watanni bayan Zainab.

An sami ci gaba ta fuska guda. A watan Afrilun 2025 NDLEA ta rattaba hannu kan yarjejeniyar aiki tare da takwararta ta Saudiyya, kuma wannan karon makonni aka yi, ba watanni ba, aka saki mutanen uku a watan Satumba. Amma haɗarin ya fi na da girma. A farkon 2021 Saudiyya ta sanar da dakatar da kisa kan laifin ƙwaya, sannan ta dawo da shi a Nuwamban 2022, inda aka kashe mutum 20 cikin kusan mako biyu. A 2024 an zartar da hukuncin kisa kan mutum 345, 122 daga ciki saboda ƙwaya, kuma akwai 'yan Najeriya a cikinsu.

Gyaran wurin awo ba abu ne mai wuya ba. Kada a shigar da jaka da sunan kowa sai yana tsaye da kansa, ya ga adadin, ya sa hannu. A daina barin ejan ya yi wa ayari awo a bayan idonsu. Kyamarar tsaro ta kalli kowane teburi, a kuma adana hotunan na watanni, don mai Umara kan yi makonni kafin a neme shi. Kowace takardar jaka a iya gano ma'aikacin da ya buga ta. Shi ma matafiyi ya ƙirga guntayen takardun da aka manna masa kafin ya bar wurin, ya ɗauki hotonsu da na jakunkunansa ya tura gida, kuma mu da ke nan mu riƙa gaya wa duk wanda zai taho. Ƙaramin ofishin jakadanci a Jidda yana buƙatar masu jin Hausa da Larabci da za su isa wurin wanda aka kama a ranakun farko, kafin ya dangwala yatsa a takardar da bai karanta ba.

Akwai kuma aikin da ya fi waɗannan gaggawa. Hukumar Najeriya da bakinta ta tabbatar sau biyu, a 2019 da 2025, cewa ana liƙa wa fasinjojin Kano jakar da ba tasu ba. Gungun da aka kama ba a ranar suka fara ba. Saboda haka duk ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ke tsare a Saudiyya kan jakar da ta taso daga Kano, wanda tun ranar farko yake cewa ba tasa ba ce, ya cancanci a sake buɗe fayil ɗinsa: a duba wa ya yi awon, jaka nawa ya zo da ita, wa ke bakin aiki a ranar, ko sunan ma'aikacin ya fito a cikin waɗanda aka kama. Bayanan suna Kano, mutanen suna gidajen yarin Jidda da Madina, yarjejeniyar da za ta haɗa su kuma an riga an sa mata hannu. NDLEA da Ma'aikatar Harkokin Waje su fara da waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci, domin a nan ba a sanar da ranar zartarwa tun kafin ta zo.